Daga Bariki Zuwa Masana'anta: Yadda Bauci Za Ta Ci Moriyar Fasahar Tsofaffin Sojoji

BAUCI — Kowace shekara rundunonin sojan Nijeriya na ƙasa da na ruwa da na sama suna sallamar ɗaruruwan mutanensu, waɗansu saboda cikar wa'adin aiki, waɗansu bisa raɗin kansu, waɗansu kuwa saboda rauni. A cikinsu akwai makanikai da masu aikin lantarki da 'yan sigina da masu safiyo da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, waɗanda gwamnati ta kashe kuɗi mai yawa wajen horar da su. Amma da zarar sun tuɓe kaki, da dama daga cikinsu sai su ƙare a aikin gadin ƙofar banki ko gidan wani attajiri, a daidai lokacin da masu masana'antu da 'yan kwangila ke kukan ƙarancin ƙwararrun ma'aikata.

Wannan asara ce ta ɓangare biyu. Tsohon soja yana asarar albashin da ya dace da iyawarsa, ɗan kasuwa kuma yana asarar gwanin da aka riga aka biya kuɗin horonsa. Babban abin da ya shiga tsakaninsu shi ne takardar shaida, domin abin da soja ya koya a bariki ba kasafai ake rubuta shi da harshen da kasuwar farar hula take ganewa ba. Garin Bauci, inda barikoki da jami'ar fasaha da kwalejojin kimiyya suke maƙwabtaka da juna, yana cikin wurare ƙalilan a Arewa da za a iya warware wannan matsala ba tare da an gina sabuwar makaranta ba.

Wane ne tsohon soja a yau

In an ce ɗan mazan jiya, abin da ya kan zo wa mutane a zuciya shi ne dattijo mai furfura da lambobin yabo a ƙirji, wanda ake gani a faretin ranar 15 ga Janairu ta tunawa da mazan jiya. Wannan siffa ba ta game kowa ba. Ana ɗaukar kurtu ne tun yana ɗan shekara 18 zuwa ashirin da 'yan kai. Wanda ya shiga yana da shekara 20 ya nemi sallama bayan shekara 18 yana aiki, zai fito yana da shekara 38 ke nan. Wanda ya cika shekara 35 cur yana aiki zai fito yana da 55. Na farkon yana da sauran fiye da shekara ashirin na neman abinci a gabansa, na biyun kuma yana da ƙwarewar da za ta sa ya zama shugaban leburori ko malamin koyar da sana'a.

Har ila yau, aikin soja na zamani ya cuɗanya da fasaha ƙwarai. Rundunar sojan ƙasa tana da makarantar injiniyan lantarki da kanikanci a Auchi, da ta aikin injiniya a Makurɗi, da ta sigina a Ikko. Rundunar sojan sama tana da cibiyar fasaha ta AFIT a Kaduna, wadda ta kai matsayin jami'a a 2018, shekarar da aka kafa Jami'ar Sojan Ƙasa a Biu. A watan Fabrairu na wannan shekara ta 2018 ne aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi da injiniyoyin sojan sama suka ƙera. A 2019 kuma aka nuna mota mai sulke ta Ezugwu, wadda kamfanin ƙera makamai na DICON da injiniyoyin soja suka haɗa a Kaduna. Bayan kowane irin wannan aiki akwai kofur-kofur da saje-saje masu walda da juyi da haɗa waya, kuma su ne abin nufi a nan.

Darasin tarihi

Batun tsugunar da soja bayan aiki ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Bayan yaƙin duniya na biyu, dubban 'yan Arewa sun dawo daga Bama, inda suka yi yaƙi a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Waɗanda suka koyi tuƙi da gyaran mota a can sun sami abin yi cikin sauƙi a harkar sufuri da ma'aikatar ayyuka, sauran kuwa galibi suka zama masinjoji da masu gadi da 'yan doka a ƙarƙashin En'e. A 1964 aka kafa ƙungiyar 'yan mazan jiya ta ƙasa don kula da jin daɗinsu.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ninka matsalar. Rundunar da ba ta wuce mutum dubu 10 da 'yan kai ba kafin yaƙi ta kumbura zuwa kimanin dubu 250 a ƙarshensa, kuma rage wannan adadi ya zama babban aiki ga gwamnatocin shekarun 1970. Daga aikin kula da waɗanda suka ji rauni a yaƙin ne cibiyar tsugunar da sojoji ta Oshodi a Ikko, wato NAFRC, ta bunƙasa. A yau tana ba masu shirin ritaya horon wata shida a sana'o'i kamar kiwon kaji da kifi da ɗinki da kafinta da walda da aikin kwamfuta.

Cibiyar ta yi aiki mai amfani, to amma tana da iyaka. Tana da nisan fiye da kilomita dubu daga Bauci, horon nata yana zuwa ne a ƙarshen aiki, kuma an fi karkata shi ga koya wa mutum sabuwar ƙaramar sana'a. Wanda ya shafe shekara ashirin yana gyaran injin tankar yaƙi ya fi buƙatar a tabbatar masa da sana'ar da ya riga ya iya, a ƙara masa abin da ya rage, a ba shi takardar da kamfani zai karɓa.

Abin da Allah ya hore wa Bauci

A cikin garin Bauci akwai barikin Shadawanka, mazaunin birged ta 33 ta masu igwa, da barikin Obienu inda makarantar koyon aikin tankoki da motoci masu sulke take. Rundunar sojan sama ita ma ta kafa hedkwatar rundunarta ta ayyuka na musamman a Bauci. Ma'anar wannan ita ce, a kowane lokaci akwai tarin masu aikin manyan injunan dizal da na'urorin sadarwa da kayan jiragen sama a garin, kuma da yawansu sukan yi gida su zauna bayan ritaya.

A ɗaya ɓangaren akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. An kafa ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta Gwamnatin Tarayya, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1984, sannan ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988 da sunan da take ɗauke da shi yanzu. Tana da harabar Yalwa a cikin gari, da mazauninta na dindindin a Gubi, kan hanyar Ningi, inda aka mayar da waɗansu tsangayoyi, ciki har da ta aikin gona da ta kimiyyar gudanarwa. Akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, wadda aka kafa a 1979, da ta jiha mai sunan Abubakar Tatari Ali. Kusa da harabar Gubi ne madatsar ruwa ta Gubi take, wadda daga gare ta ne mafi yawan ruwan famfon birnin ke fitowa, da matatar ruwa da manyan injunan turo shi.

Gubi ta riga ta ga aikin injiniyoyin soja da idonta. A watan Agusta na 2019, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi, gadar ƙafa da ta haɗa ɗakunan kwanan ɗalibai da wuraren karatu ta rufta, ɗalibai suka rasa rayukansu. Rundunar sojan ƙasa, a zamanin Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, ta tura injiniyoyinta suka gina wata sabuwa. Abin tambaya ga mai tunanin tattalin arziki shi ne, saje ko kofur ɗin da ya auna ƙasa ya ɗaura rodi ya zuba kankare a irin wannan aiki, in ya yi ritaya gobe, da wace takarda zai nemi aiki a kamfanin gine-gine? Kuma ta wace ƙofa zai shiga jami'ar da ya yi wa aikin in yana son ƙaro ilmi?

Kada kuma a manta da tarihin masana'antu na garin. Kamfanin Steyr, wanda aka kafa a shekarun 1970 tare da haɗin gwiwar wani kamfani na ƙasar Ostiriya, ya haɗa taraktoci da manyan motoci a Bauci kafin harkarsa ta durƙushe. Durƙushewar irin waɗannan masana'antu ta rufe wata babbar hanya da matasa ke koyon aikin injin bisa ƙa'ida. Bariki na cikin wuraren da wannan horo bai yanke ba.

Inda gizo ke saƙar

Kasuwar aikin fasaha a Nijeriya tana tafiya ne bisa matakan takarda. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa masu aikin injiniya rajista, kuma ta kasa su gida huɗu: injiniya mai digiri, masanin fasaha mai babbar difloma, ma'aikacin fasaha mai ƙaramar difloma, da gwanin sana'a. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke tantance kwasa-kwasan difloma. Hukumar NABTEB, ta 1992, tana shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma tana ba da takardar gwajin sana'a mai daraja uku. Wanda zai ɗauki kwangilar haɗa wutar lantarki yana buƙatar shaidar hukumar NEMSA.

Waɗansu makarantun soja suna ba da diflomar da NBTE ta amince da ita, kuma mai irin wannan takarda hanyarsa a buɗe take. Matsalar tana ga mafi rinjaye, wato waɗanda suka hau matakan sana'a na cikin gida, suka yi kwasa-kwasai barkatai, suka ƙware ta hanyar aiki. Takardar sallamarsu tana nuna muƙami da shekarun aiki da shaidar hali, amma jami'in ɗaukar ma'aikata a kamfani ba shi da ma'aunin da zai gane ko mai ita ya kai matsayin mai difloma ko bai kai ba. Saboda haka sai ya ajiye shi a layin marasa sana'a.

Ƙofar jami'a ma haka take. Ana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, sannan jarrabawar JAMB, karatun injiniya kuma shekara biyar ne. Mai difloma yana iya shiga kai tsaye ya tsallake shekarar farko. Magidanci mai shekara 40 da 'ya'ya a makaranta, wanda ba shi da difloma, ba zai iya komawa aji ɗaya da sa'o'in ɗansa ya yi shekara biyar ba albashi ba.

Akwai maganin wannan a cikin tsarin da ake da shi. NBTE tana kula da tsarin shaidar ƙwarewa ta ƙasa, wanda ake kira NSQ, kuma a cikinsa akwai hanyar amincewa da abin da mutum ya riga ya koya. Mai tantancewa yana duba aikin hannun mutum da hujjojin abin da ya taɓa yi, ya auna su da ma'aunin sana'ar, ya ba shi matakin da ya cancanta ba tare da ya koma aji daga farko ba. An fi ambaton wannan hanya dangane da makanikai da magina na kasuwa, amma soja ya fi kowa sauƙin bin ta, domin duk kwas ɗin da ya yi da duk inda ya yi aiki a rubuce suke a fayil ɗinsa.

Yadda waɗansu ƙasashe suka yi

Amurka ce ta fi shahara a wannan fanni. A watan Yuni na 1944 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da aka fi sani da GI Bill, wadda ta biya wa sojojin da suka dawo daga yaƙi kuɗin makaranta da na abinci. Zuwa 1956 kimanin mutum miliyan 7.8 sun amfana, amma kimanin miliyan 2.2 ne kawai suka shiga jami'o'i da manyan kwalejoji. Sauran sun yi horon sana'a ne da na gona da na koyo a bakin aiki. Wannan abin lura ne ga masu ganin cewa digiri kaɗai ne hanyar shiga fasaha.

A 'yan shekarun nan ƙasar ta ƙara waɗansu dabaru. Shirin SkillBridge yana ba soja damar yin kwana 180 na ƙarshen aikinsa a wani kamfani yana koyon aiki, rundunarsa na ci gaba da biyansa albashi. Kamfani yana gwada shi kyauta, shi kuma yana sabawa da aikin farar hula tun bai fita ba. Shirin gwaji na VET TEC, wanda ya gudana daga 2019 zuwa 2024, ya biya kuɗin gajerun kwasa-kwasan kwamfuta bisa wani sharaɗi mai hikima: ana ba makaranta kashi 25 cikin ɗari in ɗalibi ya shiga, kashi 25 in ya kammala, sauran kashi 50 kuwa sai ya sami aiki. A watan Fabrairu na 2020 kuma aka kafa doka ta musamman da ta ɗora wa hukumar kimiyya ta ƙasar alhakin jawo tsofaffin sojoji zuwa karatu da aikin kimiyya da fasaha. Kamfanoni ma sun shigo, misali Microsoft ya fara nasa shirin horar da sojoji a 2013. A Ingila, tun 1998 Ma'aikatar Tsaro ke haɗa gwiwa da kamfani mai zaman kansa don shirya masu barin aiki.

Baitulmalin Nijeriya ba zai ɗauki irin kuɗin da Amurka ke kashewa ba. Amma darussa uku daga ciki ba su buƙatar kuɗi mai yawa: a fara shiri tun mutum yana cikin kaki, a fassara horon soja zuwa takardar farar hula, kuma a biya mai koyarwa gwargwadon yawan ɗalibansa da suka sami aiki.

Inda kasuwa ke jira

Fanni na farko shi ne lantarki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, asibitoci da makarantu da masu shaguna da manoman rani suka karkata ga wutar sola. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Sanya faranti a kan rufi abu ne mai sauƙi, amma auna nauyin wuta da zaɓen batir da kare gida daga gobara aikin mai horo ne. Sojan da ya kula da janareto da batiran rediyo a sansanin daji ya riga ya yi rabin tafiya.

Na biyu shi ne ruwa. An faɗaɗa ayyukan ruwan Bauci a ƙarƙashin wani shirin rancen Bankin Duniya da aka amince da shi a 2014, wanda ya haɗa da jihohin Ekiti da Ribas. Injunan da aka girka a Gubi da bututun da aka shimfiɗa suna buƙatar masu kula da su shekara da shekaru, haka ma dubban rijiyoyin burtsatse na ƙauyuka, waɗanda sau da yawa ƙaramin gyara ne ke kashe su.

Na uku shi ne sadarwa. Turakun wayar salula da wayoyin ƙarƙashin ƙasa masu ɗauke da intanet suna buƙatar masu haɗawa da masu gyara, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta bayyana shirin shimfiɗa ƙarin kilomita dubu 90 na irin wannan waya. Wannan aikin 'yan sigina ne tsantsa. Waɗanda suka yi aikin tattara bayanai kuwa suna iya karkata ga tsaron kwamfuta, wanda bankuna ke nema ruwa a jallo. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku ƙofa ce da za a iya ware musu gurbi a ciki.

Na huɗu shi ne manyan injuna: taraktoci da katafila da motocin ɗaukar kaya, da aikin mayar da motoci su yi amfani da iskar gas. In aikin man Kolmani, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Nuwamba na 2022 a kan iyakar Bauci da Gombe, ya kankama, zai buƙaci masu walda da masu kula da lafiyar wurin aiki masu takardar shaida, kuma in ba a same su a gida ba daga nesa za a kawo su. Dokar DICON ta 2023 ita ma ta buɗe wa kamfanoni masu zaman kansu hanyar shiga harkar ƙera kayan tsaro, inda sanin kayan soja yake da daraja ta musamman.

Lissafin ɗan kasuwa

Mai kamfani zai tambaya, mene ne ribata? Da farko, horo yana da tsada, kuma yaron da ka horar yana iya barinka da zarar ya iya. Tsohon soja ya zo da horonsa, galibi kuma magidanci ne da ya riga ya zauna wuri ɗaya. Na biyu, ya saba da abin da ya fi ƙaranci a garejinmu da masana'antunmu, wato duba injin a kan lokaci kafin ya lalace da rubuta abin da aka yi masa. Mai motocin haya ko injin casar shinkafa ya san cewa kwana uku na tsayuwar injin a lokacin kaka ya fi albashin makanike na wata da wata. Na uku, wanda ya cancanci fansho yana da abin dogaro daga hukumar fanshon soja, saboda haka yana iya jure watannin farko na sabon aiki ko na sabuwar sana'a fiye da wanda ba shi da komai. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma kuɗin da kamfanoni da yawa ke bari a banza. Kamfanin da doka ta hau kansa yana biyan asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedkwata a Jos, kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin shekara, kuma yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya in ya horar da ma'aikatansa bisa sharuɗɗan asusun. Gajeren kwas na cike giɓi ga tsohon sojan da aka ɗauka yana iya shiga wannan lissafi.

Ga shi kansa tsohon sojan, babban haɗari yana ga kuɗin sallama. Kuɗi ne da ke zuwa sau ɗaya, kuma an sha ganin yadda yake narkewa a harkar da mutum bai sani ba ko a hannun 'yan damfara masu alkawarin riba mai yawa. Ware wani kaso don samun takardar shaida da sayen kayan aiki ya fi tabbas. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani rajista shi kaɗai, amma mutum biyar ko goma da suka haɗa ƙungiyar gama kai, mai lantarki da mai walda da mai famfo, sun fi samun kwangilar kula da asibiti ko makaranta, kuma sun fi samun kunnen banki.

Abubuwan lura

Ba kowane soja ne ma'aikacin fasaha ba. Mafi yawa mayaƙan ƙasa ne, kuma wanda zai shiga fasaha daga cikinsu sai ya fara daga tushe, musamman lissafi. Wanda ya iya ma yana da giɓi: bai saba da ƙiyasin farashi da cinikin kwangila da lallashin abokin ciniki ba, domin a bariki umurni ake bayarwa, kayan gyara kuma daga sito suke fitowa. A kamfani yana iya samun kansa a ƙarƙashin matashiyar injiniya sa'ar 'yarsa, kuma dole ya karɓi hakan.

Sannan akwai batun lafiya. Tun 2009 sojoji ke fafatawa a Arewa maso Gabas, waɗansu sun dawo da rauni a jiki, waɗansu da firgici da rashin barci. Wannan ciwo ne da ake magani, kuma kuskure ne mai ɗaukar ma'aikata ya yi wa kowa kuɗin goro a kansa. Wanda ya rasa ƙafa yana iya gyaran na'ura ko zanen gini a kwamfuta kamar kowa, hasali ma aikin fasaha ya fi dacewa da shi a kan gadi. Duk shirin da za a yi ya kamata ya haɗa da likita da mai ba da shawara, ya kuma tuna da sojoji mata da matan waɗanda suka rasu a bakin aiki.

Matakan da suka kamata

Abu na farko yana hannun Hedkwatar Tsaro da NBTE da COREN: su zauna su fitar da jadawali guda da zai nuna kowane matakin sana'a na soja da takwaransa na farar hula, a riƙa ba mai barin aiki takardar da ta jera kwasa-kwasansa da injunan da ya yi aiki da su.

Na biyu yana hannun makarantun Bauci. Kwalejojin kimiyya biyu za su iya zama cibiyoyin tantance ƙwarewa, jami'a kuma ta shirya kwasa-kwasan wata uku zuwa shida na yamma da na ƙarshen mako a kan sola da injunan gona da kula da ruwa da sarrafa ƙaramin kamfani. Harabar Gubi tana da filin da gonar gwaji, ga madatsar ruwa a kusa, duk wuraren koyo ne a aikace. Gogaggun samanjoji kuma za su iya zama masu koyarwa a ɗakunan aikin hannu, inda ɗalibai ke ƙarancin wanda ya taɓa kwance injin ya mayar.

Na uku yana hannun 'yan kasuwa. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta jiha za ta iya neman kwamandojin barikokin Bauci da reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya, a tsara rajistar masu sana'a da ke dab da ritaya, kowane kamfani ya karɓi mutum ɗaya ko biyu na 'yan watanni kafin sallama. Gwamnatin jiha kuma tana iya ba kamfanonin da suka ɗauki irin waɗannan ma'aikata ƙarin maki wajen ba da kwangilar gyara da kulawa.

Na ƙarshe yana hannun sojan da kansa. Tun ran gini ran zane: wanda ya rage masa shekara uku ya kamata ya gyara sakamakon jarrabawarsa ta sakandare, ya tattara takardun kwasa-kwasansa, ya zauna gwajin sana'a, in da hali ya yi rajista da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ke da cibiya a Bauci. Kamfanin da ya fara neman waɗannan mutane tun suna cikin kaki shi ne zai zaɓi gwanaye, kafin kamfanonin Abuja da Ikko su kwashe su.